Tsohon Itace da Mai Shi: Tarihin Mallakar Itatuwa a Ƙasar Kazaure da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun daɗe suna dogara da abubuwa uku wajen gano abin da ya wuce, watau rubutattun littattafai, da labaran baka, da kufai irin su ganuwa da marina da tsofaffin rijiyoyi. Akwai shaida ta huɗu wadda ba a ba ta haƙƙinta ba, ita ce tsofaffin itatuwa. Kuka ko tsamiya ko rimi sukan yi shekaru ɗaruruwa a tsaye, har wanda ya dasa su ya mutu, jikokinsa su mutu, garin ma ya tashi, su kuwa suna nan. Da yake itace yakan fi mai shi tsawon rai, tilas ne kowace al'umma ta tsara yadda za a riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda mallakar tsohon itace ta riƙa sauyawa a ƙasar Hausa, tare da mai da hankali ga yankin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Za a fara da wani misali daga Japan, domin a can ne aka fi adana tarihin itace guda da sunayen masu shi, sa'an nan a auna shi da abin da aka sani a gida.

2.0 Itacen Kasko na Gidan Yamaki

Japanawa suna da wata sana'a da suke kira bonsai, wadda suka koya daga Sinawa. Akan dasa itace a cikin kasko marar zurfi, a riƙa datse saiwarsa da rassansa, a ɗaure shi da waya, har ya tsufa da siffar babban itace alhali kuwa wada ne. Karin maganar nan da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su sun mai da ita sana'a ta gado.

Ɗaya daga cikin mafi shahara shi ne na gidan Yamaki, wani irin itace mai ganye kamar allura. An fara rainonsa a 1625, watau zamanin da Kutumbi (1623-1648) yake sarautar Kano, kusan shekara ɗari biyu kafin a kafa masarautar Kazaure. Iyalin Yamaki sun riƙe shi kaka da kakanni a gidansu na Hiroshima. Ran 6 ga Agusta, 1945, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a birnin. Gidan yana kimanin kilomita uku daga inda bam ɗin ya fashe, amma katangar lambun ta kare itacen. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi cikin itatuwa 53 da ƙungiyar masu wannan sana'a ta Japan ta yi wa Amurka kyauta, don taya ta murnar cika shekara 200 da samun mulkin kai. Aka ajiye shi a gandun itatuwa na ƙasa da ke Washinton. Masu kula da shi ba su san labarin bam ɗin ba sai a 2001, lokacin da jikokin Yamaki biyu suka kai masa ziyara suka ba da labari.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, itacen kasko ana ɗaukarsa a kai shi inda aka so, saboda haka mallakarsa kamar ta doki ce ko takobi, ba ta haɗa da ƙasa ba. Na biyu, ko a wurin da ake rubuta kome, shekara 25 itacen ya yi a hannun sababbin masu shi ba tare da muhimmin ɓangaren tarihinsa ba, kuma labarin baka na iyali ne ya cike giɓin. Itacen Bahaushe kuwa a kafe yake wuri ɗaya. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ita ce take sauya hannu, kuma daga nan ne duk tambayoyin mallaka suke tasowa.

3.0 Shamuz da Masu Iko da Shi

Tsohon itacen da aka fi rubuta tarihinsa a ƙasar Hausa shi ne wanda ya zo a littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafin ya nuna cewa mutanen Dala suna bauta wa Tsumburbura a gindin wani itace mai suna Shamuz. An kewaye shi da katanga, kuma ba mai shiga sai Barbushe. Ke nan mallakar farko ta tsafi ce: itacen na abin bauta ne, Barbushe kuwa mai tsaro ne, kuma wannan tsaron shi ne tushen ikonsa a kan jama'a.

Zuriyar Bagauda sun sami sarauta, amma sun daɗe ba su sami asirin itacen ba. Sai a zamanin Sarki Tsamiya (1307-1343) aka ci masu tsafin da yaƙi, aka rushe katangar. Abin lura shi ne, Tsamiya bai sare itacen ba, ikon da ke kansa ya ƙwace. A zamanin Yaji (1349-1385), da Wangarawa suka zo, an gina masallaci a ƙarƙashin itacen tsafin, har masu tsohon addini suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da wurin. A ƙarshe, a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), Shaihu Magili ya ba da shawara aka sare shi aka gina hasumiya a gurbinsa.

Wannan labari ya nuna matakai uku da mai sabon iko yakan bi da tsohon itace: ya ƙwace shi, ko ya zauna a inuwarsa ya sauya masa ma'ana, ko ya sare shi. Har ila yau labarin ya shafi Kazaure, domin labarin baka na garin yana cewa wani maharbi mai suna Kutumbi, wanda ba shi ne Sarkin Kano da aka ambata ba, shi ya taso daga wajen Dala da jama'arsa, ya tarar da wuri tsakanin duwatsu ya ce kamar zaure, sunan ya bi garin. Idan aka karɓi wannan labari, mazaunan farko na Kazaure sun fito ne daga cikin al'ummar da ta san itace a matsayin mazaunin iskoki. Ragowar wannan tunani bai ɓace ba, domin har gobe akwai masu shakkar gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana. Wannan shakka ta tsare itatuwa da yawa daga gatari, ba tare da dokar kowane sarki ba.

4.0 Ƙasar Kazaure da Itatuwanta

Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ɗantunku, Bafulatanin da ya bar rundunar Sarkin Kano Alwali ya koma wa masu jihadi a yaƙin Ɗanyaya. Bayan naɗin Ibrahim Dabo a 1819, Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi ta gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Ɗansa Dambo (1824-1857) shi ya zaunar da sarautar a garin Kazaure. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna cikin wannan masarauta. Babura kuwa ta zauna a ƙarƙashin Kano har 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ta koma masarautar Ringim.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa kukar da ta kai shekara 300 a wannan yanki ta ga mulkin Haɓe, da na masu jihadi, da na Turawa daga 1903, da Jihar Arewa, da Jihar Kano daga 1967, da Jihar Jigawa daga 1991. Kowane daga cikin waɗannan ya yi iƙirarin iko da ƙasar da take tsaye a kai.

Kuka tana da wani amfani na musamman ga mai binciken tarihi. Da yake mutane suna shan 'ya'yanta suna zubar da ƙwallon a bayan gida, kuma suna tsare 'yan ƙanana saboda miya, takan yawaita a inda mutane suka zauna. Saboda haka tarin kukoki a tsakiyar gonaki, inda ba gida ko ɗaya, yakan zama alamar kufai. A ƙasar da ta sha yaƙe-yaƙe da ƙaura a ƙarni na 19, kasancewarta tsakanin Kano da Katsina da Daura da Damagaram, irin wannan alama tana da daraja ƙwarai.

Sunayen wurare su ma shaida ne. A ƙasar Babura akwai Kanya Babba da Ɗorawa, a tsallaken iyaka kuma akwai Magarya. A Kano akwai Kuka Bulukiya da Ɗorayi da Gawuna da Durumin Iya da Rimin Gado, a Sakkwato akwai Gawon Nama, a Barno kuwa akwai Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814. A wasu daga cikin waɗannan sunaye an haɗa itacen da sunan mutum ko na sarauta. Wannan wani nau'i ne na mallaka, watau mallakar suna, kuma ita ce ta fi daɗewa, don takan saura bayan itacen ya faɗi, mai shi ma an manta ko wane ne.

5.0 Matakan Mallaka a Al'ada da Shari'a

A al'adar Hausawa mallakar itace hawa-hawa ce, kuma ana iya rarrabe aƙalla haƙƙoƙi huɗu.

Na farko shi ne haƙƙin gindi, watau ikon sarewa ko sayarwa ko bar wa magada. Galibi wannan na mai gona ne. Amma idan aka ba da aron gona, ko hayarta, ko jinginarta, itatuwan ba lalle su bi gonar ba. Mai gona yakan riƙe ɗorawarsa da kukarsa, kuma ba a yarda ɗan aro ya dasa itace, don dashe hujja ce ta mallaka wadda za a iya kafawa a gaban alƙali bayan shekaru.

Na biyu shi ne haƙƙin amfani. Ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa, da gari, da makuba ta shafen soro. Kuka tana ba da ganyen miya da ɓawon igiya. Giginya tana ba da azara da muruci, gawo kuwa yana ba da 'ya'yan da dabbobi ke ci da rani. Yawancin sarrafa waɗannan abubuwa a hannun mata yake, saboda haka mace tana iya cin moriyar itacen da ba nata ba ne, kuma ita ce ta fi kowa asara ran da aka sare shi.

Na uku shi ne haƙƙin tsintuwa. Abin da ya faɗo da kansa na kanya ko ɗinya ko magarya, ba a hana yaro ko matafiyi ɗauka. Hawa sama a kaɗo shi ne ke bukatar izini.

Na huɗu shi ne haƙƙin inuwa, wanda na kowa ne. Durumin ƙofar fada, da ceɗiyar kasuwa, da itacen da almajirai ke karatu a gindinsa, ko da an san wanda ya dasa su, jama'a ce ke da su a aikace. Hausawa sun lura cewa mai itace ba shi da iko a kan inda inuwarsa za ta faɗa, shi ya sa suke cewa inuwar giginya na nesa ka sha.

Shari'ar Musulunci ta tarar da waɗannan al'adu ta kuma ƙarfafa wasunsu. A mazhabar Malikiyya dasa itace yana cikin hanyoyin raya matacciyar ƙasa, waɗanda suke jawo mallaka, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan wannan babi mai suna Ta'alimur Radi. Fiƙihu ya san yarjejeniyar da mai ƙasa zai ba wani ya dasa itatuwa su raba, da wadda mai lambu zai ba wani ya yi ban-ruwa su raba 'ya'ya. Ya kuma hana sayar da 'ya'yan itace kafin alamar nuna ta bayyana. Duk waɗannan hukunce-hukunce sun ginu ne a kan fahimtar cewa ƙasa daban, itace daban, 'ya'yansa kuma daban.

6.0 Hannun Hukuma

Sarakuna ma sun sa hannu a sha'anin itatuwa tun kafin zuwan Turawa. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har da hukuncin kisa ga wanda ya sare shi ba da izini ba. Dalilin a fili yake ga manomi: gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ga shi kuma yana ƙara wa ƙasa taki. A ƙasar Dagomba ta arewacin Gana kuwa, ɗorawa ta sarakuna ce ko da a gonar talaka ta tsiro.

Turawan Ingila sun kafa kwamiti a 1908 don duba sha'anin ƙasa a Arewa, kuma dokar da ta biyo baya a 1910 ta sa dukan ƙasa a ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokokin daji na 1916 da 1937 suka kawo gandun daji da malaman daji da takardar izinin sara. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan tafarki, haka ma dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Sai dai ita dokar 1978 ta lissafa dashen itatuwa masu daɗewa a cikin abubuwan da mutum ya raya ƙasa da su, waɗanda ake biyan diyya a kansu idan hukuma ta karɓi fili. Watau a idon doka manomi ba shi da ƙasar, amma yana da abin da ya dasa a kanta. Ta haka tsohon rabon nan na al'ada tsakanin ƙasa da itace ya sake dawowa ta ƙofar boko.

Abin da ya faru a Nijar, wadda Babura take iyaka da ita, ya nuna sakamakon ƙwace itace daga hannun manomi. Dokar daji ta Faransawa ta 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun sa muhimman itatuwa, har da gawo, a ƙarƙashin kariyar hukuma, ana cin tarar wanda ya taɓa su ko da a gonarsa suke. Manomi kuwa ba ya rainon abin da zai jawo masa tara, saboda haka sai ya riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami. Bayan farin 1972-1974 da na 1983-1985, ikon malaman daji ya yi rauni, kuma a ƙasar Maraɗi aka fara yaɗa dabarar barin kututture ya tofo a gyara shi, wadda Tony Rinaudo ya yi fice da ita daga 1983, manoma kuma suka sa mata suna sassabin zamani. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi haƙƙi a kan itatuwan gonarsa. Binciken Chris Reij da abokan aikinsa na 2009 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirya suna cikin inda gawo ya fi dawowa.

A ɓangaren Nijeriya, binciken da Cline-Cole da Mortimore da abokansu suka buga a 1990 a kan itacen wuta a Kano ya gano cewa itatuwan gonaki a karkarar da ke kewaye da birnin ba su ragu ba duk da yawan jama'a, domin kowane itace yana da mai shi. Daji marar mai shi ne ya fi shan gatari. Itacen Tenere, wata bishiyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai a hamadar Nijar tana yi wa ayari jagora, misali ne na wannan rashi: mota ce ta kaɗe ta a 1973, aka kwashi gawarta zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa ƙarfe a gurbinta.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsohon itace a ƙasar Hausa ba ya zama na mutum ɗaya ta kowace fuska. Wani ke da gindi, wata ke da kalwa, yara ke da abin da ya faɗo, gari ke da inuwa, wani mamaci kuma ke da suna. Tarihi ya kuma nuna cewa itace ya fi daɗewa idan akwai wanda yake da tabbacin shi da 'ya'yansa za su ci moriyarsa, ko kuwa akwai wani kwarjini da ke tsare shi, na addini ko na sarauta.

Waɗannan shaidu ba dawwamammu ba ne. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa 9 daga cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu, ko manyan sassansu sun faɗi, a cikin shekara 12, har da ta Panke a Zimbabuwe wadda gwajin kabon ya ba ta kimanin shekara 2,450. A ƙasar Kazaure da maƙwabtanta, faɗaɗar garuruwa da yankan filaye da gina hanyoyi da neman itacen wuta suna cin tsofaffin itatuwa, dattawan da suka san labarinsu kuma suna ƙarewa. Shirin Babbar Katangar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 kuma Jigawa take cikinsa, sabon dashe ya fi mai da hankali a kai.

Akwai aiki a nan ga sassan nazarin Hausa da na tarihi. Ya kamata ɗalibai masu neman digiri su shiga gundumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, su rubuta kowane tsohon itace mai suna: irinsa, da kaurinsa, da inda yake, da wanda ake cewa ya dasa shi, da hannayen da ya bi ta gado ko saye ko kyauta, da shari'ar da aka taɓa yi a kansa, da abin da ake faɗa game da iskokinsa. Littattafan kotunan alƙalai da takardun En'e za su taimaka wajen gwada abin da aka ji da abin da aka rubuta. Misalin gidan Yamaki ya isa gargaɗi: itacen ya tsira daga bam, amma da jikokin ba su je sun yi magana ba, da masu riƙe da shi sun ci gaba da ba shi ruwa ba su san abin da ya gani ba.